Joe Gibbs: Kocin da ya ci kofi a filin ƙwallo, ya koma ya ci a tseren motoci

A tarihin wasannin Amurka, mutum ɗaya ne aka rubuta sunansa a zauren gwarzayen ƙwallo, aka kuma sake rubuta shi a zauren gwarzayen tseren motoci. Sunansa Joe Gibbs, an haife shi ranar 25 ga Nuwamba, 1940 a garin Mocksville na jihar Karolina ta Arewa. Bai taɓa buga wa babbar ƙungiya wasa ba, kuma ba shi ke tuƙa motocin da suka ciyo masa kofuna ba. Jarinsa shi ne sanin mutane da iya riƙonsu.

Ƙwallon da ya koyar daban yake da wanda muke kallo a gidajen kallo na Tambuwal da Kebbe. Na Amurkawa da hannu ake ɗaukarsa, mutum 11 kowane ɓangare, da hular kwano da sulken kafaɗa, ana gudu da shi ko a jefa har a kai ƙarshen filin abokan karawa. Kowace ƙungiya tana da madugu, mai karɓar ƙwallo da farko ya yanke inda za ta nufa. Gasar ƙwararrunsu ita ce NFL, wasan ƙarshe kuma Super Bowl.

Gibbs ya yi karatu a jami'ar jihar San Diego, inda ya yi wasa a ƙarƙashin koci Don Coryell, daga baya ya zama mataimakinsa. Ya shafe shekaru fiye da 15 yana aikin mataimaki a jami'o'i da ƙungiyoyin St. Louis da Tampa Bay da San Diego, kafin Jack Kent Cooke, mai ƙungiyar Washington Redskins, ya ba shi ragama a 1981.

Farkon bai yi daɗi ba. An doke shi a wasanni biyar na farko a jere. Ya zo da salon jefa ƙwallo ta sama da ya koya wurin Coryell, alhali 'yan wasan da ya tarar majiya ƙarfi ne da suka fi iya turereniya. Cooke bai kore shi ba. Shi kuma ya ajiye salon da ya zo da shi, ya gina sabo a kan ƙarfin wani ƙato mai suna John Riggins, wanda ke rungumar ƙwallo ya kutsa ta tsakiya. Aka rufe kakar da nasara 8, rashin nasara 8. A Janairun 1983 Washington ta doke Miami da maki 27 da 17, ta ɗauki Super Bowl na farko a tarihinta.

Labarin da ya fi bayyana halinsa shi ne na Doug Williams. A 1978, lokacin da ake yi wa baƙaƙen fata kallon ba su da kaifin tunanin zama madugu, Gibbs ya je jami'ar Grambling ya zauna da wannan matashi, ya dawo ya ba Tampa Bay shawarar ta ɗauke shi. A 1986 ya sake nemo shi zuwa Washington. Ranar 31 ga Janairu, 1988 aka kara da Denver a wasan ƙarshe. Denver ta yi gaba da 10 da nema, Williams ya gurɗe a gwiwa ya fita yana ɗingishi. Ya dawo fili, kuma cikin zango na biyu kaɗai ƙungiyarsa ta zuba maki 35, huɗu daga cikin cin nan da jifarsa. Aka tashi 42 da 10. Williams ya zama baƙar fata na farko da ya ja ƙungiya a matsayin madugu ya ci Super Bowl.

A waccan kakar ma manyan 'yan wasa sun tafi yajin aiki. Gibbs ya tattara waɗanda sauran ƙungiyoyi suka raina, ya ci wasanni ukun da aka buga da su. Kofi na uku ya zo a Janairun 1992, da aka doke Buffalo 37 da 24. Kofi uku, madugai uku daban-daban: Joe Theismann da Doug Williams da Mark Rypien.

Nasarar ta zo da tsadarta. An san shi da kwana a ofis yana nazarin faifan wasanni, 'ya'yansa biyu, J.D. da Coy, suna girma ba ya ganinsu sosai. A Maris 1993 ya ajiye aiki yana kan ganiyarsa. Kafin nan ya riga ya kafa ƙungiyar tseren motoci ta Joe Gibbs Racing, wadda ta shiga gasar NASCAR a 1992 da tallafin kamfanin batir na Interstate Batteries, kuma sana'a ce da 'ya'yansa za su yi tare da shi.

Mota ɗaya ya fara da ita, mai lamba 18, direbanta Dale Jarrett. A shekara ta biyu ta ci tseren Daytona 500, mafi girma a gasar: zagaye 200, kimanin kilomita 800, wato fiye da nisan Sakkwato zuwa Kano, a gudun da ke kai kilomita 300 cikin awa. Mai kallo direba yake gani, amma sau da yawa a wurin tsayawa ake ci ko a faɗi. Mota na tsayawa sai mutum biyar su tsallako katanga, wannan ya ɗaga ta da jak, waɗannan su kwance tayoyi huɗu su ɗaura sababbi, wancan ya ɗura mai, duka cikin sakan 12 ko ƙasa da haka. Noti ɗaya ya yi sako-sako, wahalar mako ta tafi a banza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma haɗa hannuwa shi ne aikin da Gibbs ya ƙware a kai tun a filin ƙwallo.

Ƙungiyarsa ta ci kambun NASCAR sau biyar: Bobby Labonte a 2000, Tony Stewart a 2002 da 2005, Kyle Busch a 2015 da 2019. Gibbs ya koma koyar da Washington daga 2004 zuwa 2007, ya kai ta zagayen fitar da gwani sau biyu, amma bai ƙara kofi ba.

Ya kuma ɗanɗana rashi. J.D. ya rasu a Janairun 2019 yana da shekara 49. Bayan wata guda, Denny Hamlin, direban da J.D. ya gano da kansa, ya ci Daytona, motocin Gibbs suka zo na ɗaya da na biyu da na uku. Coy ya rasu a Nuwamban 2022, shi ma yana da 49, sa'o'i kaɗan bayan ɗansa Ty ya ci kambun gasar da ke bin babbar.

Tseren motoci ba baƙo ba ne gaba ɗaya a yankinmu, domin an sha haɗa shi da bikin kamun kifi na Argungu. Amma ƙwallo ita ce a hannunmu, kuma yaron da zai sa rigar Sokoto United a filin Giginya daga filin makarantar firamare yake farawa, a hannun kocin da ke sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa. Ga irin wannan koci a Tambuwal ko Kebbe: ka duba yaran da Allah ya ba ka, ka tsara wasanka a kan abin da suka iya, kada ka watsar da wanda wasu suka raina, kuma kada fili ya raba ka da iyalinka. Ga masu hali da shugabannin ƙananan hukumomin biyu: ku tallafa wa masu koyarwar nan da kayan aiki, kuma idan ƙungiya ta faɗi wasa biyar, ku ba kocinta damar buga na shida.