Yarjejeniyar Nanjing

Yarjejeniyar Nanjing ita ce yarjejeniyar da Birtaniya da daular Qing ta ƙasar Sin suka sa wa hannu a ranar 29 ga Agusta, 1842, a cikin jirgin ruwan yaƙin Birtaniya mai suna Cornwallis. Da ita aka kawo ƙarshen Yaƙin Ofiyom na Farko (1839–1842), wanda ya ɓarke bayan jami'in Sin Lin Zexu ya ƙwace ya kuma lalata ofiyom ɗin 'yan kasuwar Birtaniya. Henry Pottinger ne ya wakilci Birtaniya, Qiying kuma ya jagoranci wakilan Sin.

Yarjejeniyar ta tilasta wa Sin buɗe tashoshin jiragen ruwa biyar ga 'yan kasuwar Birtaniya: Guangzhou, Xiamen, Fuzhou, Ningbo da Shanghai. Kafin nan, a Guangzhou kaɗai aka yarda Turawa su yi ciniki, kuma ta hannun dillalan Cohong da gwamnati ta amince da su. An soke wannan tsari. Sin ta miƙa wa Birtaniya tsibirin Hong Kong, ta kuma biya diyyar dalar azurfa miliyan 21.

A 1843 yarjejeniyar Bogue ta ba 'yan Birtaniya damar a yi musu shari'a da dokokin ƙasarsu a cikin Sin. Amurka da Faransa sun sami irin wannan gata a 1844. Sinawa na ɗaukar yarjejeniyar Nanjing a matsayin ta farko cikin yarjejeniyoyin rashin adalci da aka ƙaƙaba musu.