Zuriyar Boone: Daga Masaƙar Devon Zuwa Dajin Kentaki

Amurkawa sun san Daniel Boone da harbi da keta daji, amma ƙaurar gidansu ta girme shi nesa ba kusa ba. Kakansa, George Boone, masaƙi ne a garin Bradninch na yankin Devon a Ingila, kuma mabiyin ɗariƙar Kirista ta Kweka, wadda mabiyanta suka sha tsangwama a ƙasarsu. Ɗansa Squire ya riga shi haye teku zuwa Pensilbeniya wajajen 1713, tsohon ya biyo baya da sauran iyali a 1717. Squire ya gaji saƙa, ya haɗa da ƙira, ya auri Sarah Morgan a 1720. Sun haifi 'ya'ya 11, Daniel ne na shida, an haife shi a 1734.

Maganar aure ce ta raba su da ɗariƙar. A 1742 'yar Squire ta auri bare, iyayen suka ba jama'a haƙuri. Da ɗansa Israel ya maimaita haka a 1747, uban ya ƙi tanƙwaruwa, aka kore shi. A 1750 ya sayar da gonarsa, ya kwashe iyali suka nufi kudu, har suka yada zango a bakin kogin Yadkin a Karolina ta Arewa. Ina ganin a nan Daniel ya ɗauki halin nan na barin wuri da zarar ya yi masa ƙunci.

Ya auri Rebecca Bryan a 1756, suka haifi 'ya'ya 10. A 1775 ya jagoranci masu sare hanya ta mashigar Cumberland, aka kafa Boonesborough a Kentaki. Ƙasar kuwa ba ta rasa masu ita ba: nan ne wurin farautar ƙabilun Shawnee da Cherokee, kuma ba su zuba ido ana ƙwace musu ba. An kashe James ɗan Daniel a 1773, wani ɗan nasa mai suna Israel kuma ya faɗi a yaƙin Blue Licks a 1782. Shi kansa Shawnee sun kama shi a 1778, shugabansu Blackfish ya mayar da shi ɗa, daga baya ya tsere. Masu yabonsa sukan tsallake batun bayin da ya mallaka, bai kuwa kamata a tsallake ba.

Filayen Kentaki sun suɓuce masa saboda bashi da shari'ar takardun mallaka. A 1799 ya koma Misuri, wadda ke hannun Sifaniya a lokacin, ya rasu a can a 1820.