Asalin Kalmomin Turanci na Littafi da Nassi

Duk mai jin Turanci, da ya ji kalmar Bible, tsarki da wahayi ne ke zo masa a rai. Amma in aka bi sawun kalmar, a fadamar Kogin Nilu za a tsinci kai. Akwai wata ciyawa mai dogon kara da ke fitowa can. Misirawan dā sukan fere ta, su yanka ɓargonta siriri-siriri, su jera wasu a tsaye wasu a gicciye, su danne da nauyi har su manne su bushe, sai ga abin rubutu. Girkawa suka kira wannan haja biblos, kuma masana da dama suna danganta sunan da Byblos, tashar jiragen ruwan Finikiyawa da yau ake kira Jubail, arewa da Beirut, domin ta nan fatake ke kai ta Girka. Daga nan aka sami biblia, wato littattafai. Da kalmar ta shiga Latin, sannu a hankali aka riƙa ɗaukarta tilo, tarin littattafai ya koma Littafi guda. Ɗaya sunan ciyawar kuwa, papyrus, shi ya haifi paper.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, yawancin kalmomin littafi da nassi sunayen kayan aiki ne tun fil'azal, ibada ce ta ɗaukaka su daga baya. Library daga liber take, ɓawon itace na ciki. Volume daga naɗewa, tun lokacin da ake naɗe littafi kamar tabarma. Scripture, wadda yau ke nufin nassi, daga scribere ta fito, rubutawa kurum, ko na malami ko na mai bin bashi.

Wani zai ce asalin kalma ba shi ne ma'anarta ba, kuma ya yi gaskiya: mai karanta Bible a coci ba ciyawa yake nufi ba. Sai dai sanin asalin yana hana a ɗora wa kalma sirrin da ba ta da shi. Wani kuma zai kawo gospel, ya ce ai wannan saƙo take nufi, ba kaya ba. Haka ne, amma hanyarta dabam ce. Ba kasuwa ce ta kawo ta ba, fassara ce da aka yi da gangan bayan Kiristanci ya kafu a Ingila, inda mai wa'azi Augustine ya sauka a Kent a 597. An ɗauki euangelion ta Girkanci, albishir, aka mayar da ita godspel, labari mai daɗi, har daga baya mutane suka riƙa jin God, sunan Allah, a gaɓar farko, alhali ba shi aka nufa ba. Ita wannan euangelion ɗin ce ta isa Larabci a matsayin Injil, Hausa kuma ta karɓe ta da al- ɗinta manne, ta zama Linjila, kamar yadda al-kitab ya zama littafi.