Fitilar da ke Magana da Ƙyaftawa

A hunturun shekarar da na gama sakandare, tsohuwar Toyota Corolla ta mahaifina ta fara taurin kai da asuba. Sai an murza makulli sau biyar ko shida take kamawa, tana kakari, ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da ta ƙi mutuwa a gaban direba. Bakaniken unguwarmu ya yanke hukunci nan take: a cire injekta, a ɗora kabireta, fitilar kuwa a zare ƙwanta. Wannan shi ne maganin da dubban motocin Beljiyam suka sha a ƙasar nan, tun da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa sabuwar Fijo ta Kaduna ta gagari ma'aikaci, tsofaffin motocin Turai da Amurka suka kwararo ta Kwatano.

Fitilar nan tana da tarihi, kuma ba don jin daɗin direba aka ƙirƙiro ta ba. Hayaƙin da ya turnuƙe Los Angeles ne ya haifi hukumar kula da iska ta Kalifoniya a 1967, sannan Amurka ta tsaurara dokar tsabtace iska a 1970. Kabireta, duk da sauƙinta, ba ta iya auna fetur da iska da irin daidaiton da doka ta nema. Dole aka miƙa aikin ga ƙaramar kwamfuta, wadda makanikanmu ke kira ƙwaƙwalwar mota, tana karɓar labari daga na'urorin da ke jin zafin ruwa, da yawan iska, da abin da ya rage a hayaƙi. Sai wata tambaya ta taso: idan ɗayansu ta yi ƙarya, wa zai sani?

Kamfanin General Motors ya ba da amsarsa a farkon shekarun 1980. Ya sanya wata mahaɗar waya a ƙarƙashin sitiyari, tun asali don gwajin mota a masana'anta. Masu motoci suka gano cewa idan aka haɗa ramukan A da B da lanƙwasasshen ƙarfen maƙale takarda, fitilar za ta fara magana: ƙyaftawa ɗaya, shiru, ƙyaftawa biyu. Lamba 12 ke nan, wato gaisuwa, kafin ta jero cututtuka. Ford da Honda da Toyota kowa ya zo da yarensa. A wasu motocin Honda ma sai mutum ya ɗaga kafet ɗin gaban fasinja ya leƙa jar fitila a jikin kwamfutar. Wannan rikicin harsuna ya ci gaba har 1996, lokacin da Amurka ta wajabta tsarin OBD-II mai mahaɗa guda ta ramuka 16. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. An sami tsari, amma a ganina an yi asarar wani abu, domin daga nan sai da na'urar karantawa. Guntun waya ya daina isa.

Motar Baba ta zamanin rikicin ce. Na roƙe shi kwana ɗaya kafin a kai ta gareji. Ya ce, "Kai ɗan nan, idan ka ƙona min ƙwaƙwalwa, da kuɗin makarantarka za a saya." Na buɗe 'yar baƙar akwatin da ke gefen injin, na haɗa TE1 da E1 da waya, na murza makulli ba tare da tayar da injin ba. Biyu, ɗan shiru, biyu. Lamba 22: hanyar na'urar jin zafin ruwa ta katse. Idan haka ta faru, kwamfutar kan ɗauka injin yana da zafin digiri 80, sai ta rage fetur ko da sanyi ya daskare ƙarfe. Shi ya sa ta fi wahala da asuba, ta saki jiki da rana.

Lambar ba ta ce na'urar ta mutu ba, hanya kawai ta nuna, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓarnar kuɗi. Da na bi wayar, sai na tarar bakinta ya yi tsanwar tsatsa, siliƙi ɗaya ya tsinke. Na kankare, na ɗaure, na zare fis ɗin EFI na ɗan lokaci don goge lambar. Washegari bayan sallar asuba Baba ya murza makulli sau ɗaya. Ya daɗe yana kallon wurin da fitilar take, sannan ya ce in kawo masa hularsa.