Maraɗi da Baƙinta: Ƙabila da Addini a Garin da Hijira ta Kafa

Maraɗi gari ne na waɗanda aka kora. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautarta ya yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa gadon mulki a bakin Gulbin Maraɗi. Gobirawa ma haka: Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma bayan yaƙin Gawakuke na 1836 sarkinsu Mayaƙi ya kafa Tibiri. Hujjar da aka yaƙe su da ita ita ce wai Musuluncinsu gauraye yake da tsafi. Wato jama'a guda aka yi wa hukunci da sunan addini, ba a ware mai salla da mai bori ba.

Abin lura shi ne yadda waɗannan baƙi suka zauna da Aznan da suka tarar a fadamar gulbi, irin na Jiratawa. Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a yankin, ya nuna cewa sarautar Musulmi da gidajen Azna sun dogara da juna ta fuskar ƙasa, noma da bukukuwa. Ba zaman daidaito ba ne, akwai raini a ciki, amma kowa yana da gurbinsa.

Wannan gurbi ne baƙin yau suka rasa. Ɗan Ibo mai shagon kayan gyaran babur zai shekara ashirin a gari, 'ya'yansa su tashi da Hausa a baki, amma ranar da rigima ta tashi sunansa arne. A Nuwamban 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da aka yi a Yamai ta ƙare a kan coci-coci da mashayu a Maraɗi. A Yunin 2019 an sake cinna wa wata coci wuta bayan kama wani limami, alhali masu ibada a cikinta ba su da hannu a kamun. Littafin Barbara Cooper na 2006 ya tuna mana cewa mishan ta SIM ta daɗe a Tibiri tun zamanin mulkin Faransa, kuma akwai Hausawa Kirista haifaffun nan. Duk da haka sai ka ji ana tambayar ɗayansu, "Kai Bahaushe ne kuwa?" An mai da addini takardar shaidar asali.

Tun 2019 dubban mutanen Zamfara, Sakkwato da Katsina sun tsallako zuwa yankin Gidan Rumji na jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga. An karɓe su hannu bibbiyu, abin a yaba ne. Sai dai wahalar da suka zo da ita ta ƙara shafa wa kowane Bafillace baƙin jini, da yake ana danganta 'yan bindigar da Fulani, ga shi kuwa alƙibla ɗaya ake kallo. Wannan ya isa shaida cewa matsalar ba ta aƙida kaɗai ba ce, ɗabi'ar ɗora laifin mutum a kan danginsa ce.

Malamai da sarakunan Maraɗi da Tibiri su ne suka fi kowa hujjar tsawatarwa, domin da wannan sandar aka kori kakanninsu.