Katakon Afara Da Jitar Da Ta Yi Kwantai A 1958: Tarihi Da Darasi Ga Masu Sana'ar Hannu

Duk wanda ya taɓa sayen katako a Dei-Dei, ko ya tsaya wurin kafintoci a Kugbo, ya san farin afara. Katako ne marar tsada, da shi ake yin ƙofa da benci da kanta, babu mai ɗaukarsa da wata daraja. Amma da wannan katakon aka ƙera ɗaya daga cikin jitocin lantarki mafi tsada a duniya. Labarinta ya shafe mu, domin ya taɓa dazuzzukanmu da kiɗanmu da sana'ar hannu da muke ta bari tana mutuwa.

Mu fara da asalin abin. A shekarun 1920 zuwa 1930, manyan ƙungiyoyin kiɗa a Amurka sun cika da masu busa da masu ganga, sai muryar jita ta riƙa nutsewa, mai kaɗa ta yana ta wahala ba a jin sa. A 1931 wani makaɗi mai suna George Beauchamp ya haɗa wata na'ura da ta magance matsalar, kuma a 1932 shi da Adolph Rickenbacker suka fara sayar da jitar da aka yi wa laƙabi da kaskon suya saboda siffarta. Na'urar ita ce za mu kira kunnen jita: maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar tagulla, wadda ta kusa kai silin gashi siranta, zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ƙaramar wutar lantarki ta taso cikin wayar, a kai ta na'urar ƙara sauti, lasifika ta fitar. Har gobe a kan wannan dabarar yawancin jitocin lantarki suke aiki.

Sai wata matsala ta ɓullo. Jita mai rami a ciki idan aka ƙara mata murya takan shiga kuwwa, kamar yadda lasifika ke yi a wurin taro in an kusanta makirfo da ita. Maganin shi ne a yi gangar jikin da dunƙulallen katako. Wajen 1940 makaɗin nan Les Paul ya gwada haka da guntun gungume. Wanda ya mayar da abin kasuwa kuwa shi ne Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, mutumin da bai ma iya kaɗa jita ba. A 1950 ya fitar da samfurin da daga baya aka sa wa suna Telecaster, a 1954 ya fitar da Stratocaster. Ya yi su ne yadda za a kwance wuyan da sukurai huɗu a sauya wani, kamar kayan gyaran keke.

Kamfanin Gibson da ke Kalamazoo a jihar Mishigan ya amsa da samfurin Les Paul a 1952, amma duk da haka ana yi masa kallon kamfanin tsofaffi. Shugabansa na lokacin, Ted McCarty, ya so ya goge wannan tambarin. A 1958 suka fitar da jitoci biyu masu baƙuwar siffa: Flying V, mai kama da kan kibiya, da Explorer, mai kusurwoyi kamar zanen walƙiya. Katakon da suka zaɓa sun kira shi korina, sunan kasuwa kawai. Ainihin bishiyar ita ce limba, wadda ke fitowa a dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, daga Gini har Kwango, wato farin afara na kasuwanninmu. Launinsa na ruwan zuma ne ya ja hankalinsu, ga rashin nauyi, ga sauƙin sassaƙa.

Kasuwa ba ta karɓe su ba. An sa wa Flying V farashin dala 247.50, amma guda 81 kacal suka fita daga masana'anta a 1958, sai 17 a 1959. Explorer ta fi shan kaye, guda 19 a shekarar farko, 3 a ta biyu. Wasu masu shaguna rataye su suka riƙa yi a taga don jan hankalin masu wucewa. Nan da nan aka daina yin su.

Makaɗa ne suka farfaɗo da su, ba kamfani ba. Albert King, mai kiɗan bulus, bahago ne, ya ɗauki Flying V yana kaɗa ta a juye, sautinsa ya shiga kunnen matasan Amurka da Ingila. Lonnie Mack ma ya riƙe tasa tsawon rayuwarsa. A 1967 Gibson ya dawo da siffar, amma da wani katakon daban, kuma Jimi Hendrix na cikin waɗanda suka riƙe sabuwar. Daga nan aka shiga neman na asali ruwa a jallo. Yau ta 1958 tana kaiwa dala dubu ɗaruruwa a wurin gwanjo.

Akwai abin da ya ƙara wa tsofaffin jitoci daraja. A watan Janairun 1965 Leo Fender ya sayar da kamfaninsa ga CBS a kan dala miliyan 13, Gibson ma ya koma hannun wasu masu jari a ƙarshen shekarun 1960. Makaɗa da yawa suka riƙa ƙorafin cewa an fi mayar da hankali ga yawan kaya fiye da ingancinsu. Wannan giɓin ne ƙananan masu sana'a suka cike. A farkon shekarun 1970, a jihar Illinois, Paul Hamer da Jol Dantzig, waɗanda suka fara da cinikin tsofaffin jitoci da gyaransu, suka shiga ƙera sababbi da hannu bisa siffar Explorer. A Japan ma kamfanoni irin su Tokai da Greco suka riƙa auna tsofaffin samfura suna kwaikwaya da kyau. Da manyan suka ga abin da ke faruwa, sai suka koma kan tarihinsu: Fender ya fara sake fitar da tsofaffin samfuransa a 1982, ya buɗe sashen ƙira ta musamman a 1987. Gibson kuma a 2021 ya sake yin Flying V guda 81 da Explorer 19 da katakon korina, daidai adadin 1958.

Me mai irin wannan aikin yake yi? Yakan riƙe siffar da sautin dā, ya gyara kurakuran dā. Tsawon tsirkiya daga matashinta na sama zuwa na ƙasa a jitar Gibson inci 24.75 ne, a ta Fender 25.5. Ƙarafan da ke jere a wuya da lissafi ake dasa su: a raba tsawon da 17.817 a sami mazaunin na farko, a raba abin da ya rage a sami na biyu, haka har ƙarshe, kuma na 12 dole ya faɗa tsakiyar tsirkiya cif. Kuskuren rabin milimita kunne zai kama shi. Cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake ɗaurewa ko sassautawa don kada jan tsirkiyoyi ya lanƙwasa shi. Sai babban abu, bushewar katako. Wanda aka yi aiki da shi da ɗanyensa a damina, da hunturu ya buga zai tsage ko ya murɗe. Duk kafintan da ƙofarsa ta taɓa ƙin rufuwa a watan Agusta ya san wannan karatun.

To mu fa, ina muke a wannan tarihin? Ba baƙi ba ne mu a harkar tsirkiya. Garaya da molo da gurmi da kukuma da goge duk aikin hannun mutanenmu ne, da ƙwarya ko sassaƙaƙƙen itace da fata. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zaga duniya da kuntigi, gwangwani da aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tak.

Da jitar lantarki ta iso Sahara, da hannu aka fara tarbarta. Ibrahim Ag Alhabib, jagoran ƙungiyar Tinariwen ta Abzinawan Mali, jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta. Haka Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua a Nijar, wanda iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba, shi ma da katako da wayar birkin keke ya fara. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya ta katin memori har suka kai kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds. Yau Mdou Moctar, shi ma bahago, yana cika dandamali a Turai da Amurka da Stratocaster, siffar 1954 da ba ta canza ba.

Misali mafi kusa da zancenmu na farfaɗo da tsohon abu shi ne na Malam Mamman Barka na Nijar, gwanin gurmi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi gaɓar Tafkin Chadi wurin Boukar Tar, dattijon da ake ganin shi ne na ƙarshe da ya iya biram, abin kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya koya, ya ɗauki faifai da shi, ya kai shi ƙasashen waje kafin rasuwarsa a 2018. Da ya yi jinkirin wasu 'yan shekaru, da sai dai a ga biram a gidan tarihi.

Abin takaicin shi ne lissafin cinikin. Afara namu ne. Maɗaci, wanda danginsa masu ƙera jita ke saye da sunan mahoganin Afirka, namu ne. Madobiya kuwa an yi ta sararta a Taraba da maƙwabta ana lodawa zuwa Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a 2017. Gungume yake fita da araha, ya dawo mana a matsayin kaya mai tsada. Matashin da ke son koyon jita a Abuja sai ya sayi ta waje da kuɗin da dala ta yanka masa, kuma in wuyanta ya lanƙwashe da wuya ya sami mai gyara.

Alhali hannuwan da za su yi aikin suna nan. Ku zaga Utako da kewayen kasuwarta: ga kafintoci, ga masu feshin fenti, ga masu gyaran rediyo da lasifika, ga masu naɗin kwayil na fanka da injin ruwa. Wanda ya iya naɗa kwayil ɗin fanka bai yi nisa da naɗa kunnen jita ba. Leo Fender ma daga teburin gyaran rediyo ya taso. Abin da ya rage shi ne ma'auni na ƙwarai, da haƙurin shanya katako, da wanda zai haɗa waɗannan mutanen a inuwa ɗaya.

Gargaɗi ɗaya: Gibson ya sha kai masu kwaikwayon siffofinsa kotu, don haka kwafi kai tsaye da manna sunan wani ba hanya ba ce. Kuma ba ma buƙatarsa. Muna da namu tsofaffin samfuran. Garaya mai dunƙulallen jikin afara, da tsirkiyar ƙarfe da kunnen lantarki, wadda ba za ta saki ba idan damina ta jiƙa fata, abu ne da kafinta da mai gyaran rediyo da makaɗi za su iya zama su gwada. Amma sai an fara zuwa wurin dattawan da suka san yadda ake zaɓen itace da ɗaure fata, an auna kayansu, an rubuta, an ɗauki muryarsu tun suna raye.

Idan a unguwarku ko garinku akwai mai sassaƙa garaya, gurmi ko kukuma, ku je ku gaishe shi, ku tambaye shi wa ya koya masa, kuma wa yake koya wa yanzu. Amsar tambaya ta biyun ce za ta nuna mana ko sana'ar za ta kai ga jikokinmu.