Mujiyar Atina da Masu Farautar Kuɗin Girkawa

Bara wani abokin aikina a gidan rediyo ya dawo daga horo a Turai, ya zazzage ragowar canjin aljihunsa a kan teburin ɗakin shirye-shirye, ya ce kowa ya ɗauki tsaraba. Ni rabona ya faɗa a kan sulen yuro 1 na ƙasar Girka. Da na juya bayansa sai na ga mujiya ta zuba mini ido. A wajenmu kuwa, in mujiya ta yi kuka a kan katanga da dare, tsofaffi a'uziyya suke yi. To wane ne zai ɗora ta a kan kuɗinsa? Wannan tambaya ce ta jefa ni karatun watanni a kan tsofaffin kuɗin Girkawa da mutanen da ke kashe dukiya wajen tara su.

Mujiyar da ke kan yuro tun shekarar 2002 kwafi ce ta wani sulen azurfa da birnin Atina ya riƙa bugawa tun ƙarshen ƙarni na 6 kafin miladiyya. Darajarsa dirakma 4, nauyinsa kusan giram 17. A fuskarsa akwai kan Atena, allahiyar da mutanen birnin suke bauta wa a matsayin mai tsaron garinsu, sanye da kwalkwali. A bayansa akwai mujiya, tsuntsuwarta, da reshen zaitun, da haruffa uku na farkon sunan birnin. Girkawan wancan zamani masu bautar alloli barkatai ne, kuma kusan kowane birni yana da nasa gwani a cikinsu. Korinti ta ɗora Atena da doki mai fukafukai. Tsibirin Rodos ya ɗora Heliyos na rana da furen wardi. Afisa ta ɗora ƙudan zuma da barewa, alamomin Artemis. A Kirene, cikin Libiya ta yau, sun buga kan Zeyus Amon mai ƙahonin rago.

Dalilin wannan hoto ya fi ado zurfi. Buga kuɗi ya faro ne a Lidiya, yammacin Turkiyya ta yau, wajen ƙarshen ƙarni na 7 kafin miladiyya. Kafin nan sai an auna ƙarfe a sikeli a kowane ciniki. Hatimin da ke kan sule shi ne alkawarin hukuma cewa nauyi ya cika, azurfa kuma ba gauraye. Birnin da ba ya da sarki, ko yake tsoron mutum ɗaya ya fi ƙarfin jama'a, sai ya jingina alkawarin ga abin da kowa a garin yake jin tsoronsa. Shi ya sa aka daɗe ba a ga fuskar mai mulki mai rai a kan kuɗin biranen Girka ba. Iskandar Mai Girma kansa Herakles da Zeyus ya sa a kan azurfarsa. Sai bayan mutuwarsa a 323 kafin miladiyya manyan kwamandojinsa suka fara ɗora fuskarsa, daga baya irin su Batlamus na Masar suka ɗora tasu.

Azurfar mujiya daga ramukan Lauriyon ta fito, kudu da Atina, inda dubban bayi suke haƙa. A 483 kafin miladiyya aka ci karo da wata jijiyar azurfa mai yawa, Temistokles ya shawo kan jama'a kada a raba kuɗin, a sassaƙa jiragen yaƙi. Da waɗannan jirage aka karya rundunar Farisa a Salamis a 480. A ƙarshen wannan ƙarni dirakma 1 ita ce ladan yinin gwanin magini, wato mujiya guda guminsa ne na kwana 4. Kowane sule da hannu aka buga shi: a ɗora curin azurfa a kan hatimin ƙasa, a aza na sama, a maka guduma. Don haka da wuya a sami biyu masu kama ɗaya sak, abin da ke ƙara wa masu tarawa kwaɗayi. A Sirakusa ta tsibirin Sisili ma masu sassaƙa hatimi irin su Kimon da Yuwainetos har sunayensu suka rubuta kusa da fuskar Aretusa da kifayen dolfin ke kewaye da ita.

Tara irin waɗannan kuɗi tsohuwar sana'a ce ta sarakuna da attajiran Turai. Abin da suka tara shi ya zama harsashin manyan ɗakunan adana kuɗi na Paris da Landan da Biyana. A Biyana ɗin ne Joseph Eckhel, wanda ya rasu a 1798, ya tsara tsofaffin kuɗi bisa yanki da birni a cikin littafi mai juzu'i 8, ya mayar da sha'awa ta zama ilimi. Inda kuɗi ya taru kuwa maha'inta ba sa nisa. Wani Bajamushe, Carl Wilhelm Becker, wanda ya rasu a 1830, ya sassaƙa ɗaruruwan hatiman jabu da suka yaudari gwanaye. Yau a kasuwannin gwanjo na Turai da Amurka sule guda da ba a cika samun irinsa ba yakan haura dala miliyan.

Wannan tsada ita ce matsalar. Yawancin kuɗin nan a binne ake samun su, cikin tulu ko jaka da mai su ya ɓoye lokacin tashin hankali bai dawo ba. Ga masanin tarihi, tulun baki ɗaya shi ne shaida: waɗanne kuɗi ne suka zauna tare, wanne ya fi gogewa, a ina aka binne. A 1969 aka tono kusan sulalla 900 na Girkawa a Asyut ta Masar, kafin masana su ankara an watsa su a kasuwa. Sai da aka bi su ɗaya-ɗaya aka harhaɗa bayaninsu. Da yawa suna ɗauke da tabon sara, domin mutanen Masar ba ruwansu da allahiyar da ke kai, azurfar ciki suke son tabbatarwa. Wannan tabo, wanda ke rage farashi a wajen mai saye, shi ne ya nuna yadda kuɗin ya yi aiki a bakin Nilu.

A 1984 kuma wasu ƙauyawa kusa da Elmali a kudancin Turkiyya suka tono kusan sulalla 1,900, cikinsu har da manyan mujiyoyi 14 masu darajar dirakma 10, irin da duniya ba ta san da yawansu ba. Aka yi fasa-ƙwaurinsu zuwa ƙetare, mafi yawa suka ƙare a hannun wasu attajiran Amurka. Turkiyya ta shafe shekaru tana shari'a kafin a mayar mata da fiye da 1,600 a 1999. Sulallan sun koma gida, amma wurin da aka tono su an riga an hargitsa shi.

Mu ƴan Nijar ba baƙi ba ne ga wannan ciwo. Gumakan yumɓu na Bura da ke yankin Tera haka aka yi ta tone su ana sayarwa, har hukumar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta hana irin wannan fatauci, amma sule ya fi gunki sauƙin ɓoyewa a aljihu. Ban ga laifin wanda ke son riƙe tarihi a tafin hannunsa ba, in dai zai tambayi dillali takardar da ke nuna hannayen da kuɗin ya bi, ya kuma haƙura in babu. Duk wanda ya saya ba tambaya, shi ne ya biya ladan mai tono na gaba.

Da na gabatar da wannan labari a shirina na tarihi, wani dattijo ya bugo waya yana tambaya me ya haɗa mu da kuɗin masu bautar gumaka. Na ce masa, Baba, kalmar dirhami da malamai ke ambata a karatun zakka, asalinta dirakma ce, ta bi ta Farisa ta shiga Larabci ta iso mu. Ya yi shiru, sannan ya ce ashe tafiyar ta yi nisa. Sulen yuron nan yana cikin aljihun teburina har yanzu, kuma shi kaɗai ne mujiyar da na mallaka.